Bijimin Osaka: Bitar Wata Gajeriyar Maƙala Mai Dogon Tasiri

A watan Agustan 2001 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wata maƙala da ba ta wuce shafi biyu ba, wadda masu bincike huɗu na Jami'ar Osaka da ke Japan suka rubuta: Satoshi Kawata da Hong-Bo Sun da Tomokazu Tanaka da Kenji Takada. Abin da ke fara jan idon mai karatu hoton wani bijimi ne, da ƙahonninsa da ƙafafunsa da jelarsa, an ɗauko shi ta fuskoki daban-daban, kamar yadda dillali yake zagaya dabba a kara kafin ya yi mata kuɗi. Sai dai wannan bijimin tsawonsa maikuromita 10 ne, tsayinsa kuma 7. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato sai an jera irinsa ɗari, hancin wannan a jelar wancan, kafin su cike tazarar da ke tsakanin ƙananan layuka biyu na rular ɗan makaranta. Da kaɗan ya ɗara jar ƙwayar jini. Ba a sassaƙa shi da wuƙa ba, ba a zuba shi a cikin wani mazubi ba. Da hasken leza aka ƙera shi a tsakiyar ɗigon ruwan danƙo.

Jaridun duniya sun yi ta yawo da hoton, har ya zama tambarin wannan fanni baki ɗaya. Fiye da shekara ashirin bayan haka na koma kan maƙalar, kuma na fito da ra'ayin cewa ta cancanci sunan da ta yi. Amma ina ganin an yi wa bijimin kirarin da ya kamata a raba shi biyu. A cikin maƙalar akwai wani abu na biyu, ɗan sifirin mara kyan gani mai ƙwallo a bakinsa, kuma a wurinsa ne marubutan suka nuna cikar gwanintarsu.

Kafin mu je can, sai mun fahimci yadda haske yake gini. Akwai wani nau'in ruwan danƙo na roba wanda yake daskarewa idan haske mai ƙarfi, irin na altarabayolet, ya taɓa shi. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa suna harɗewa da juna su zama dogayen sarƙoƙi, abin da masana suke kira folima. Duk wanda likitan haƙori ya taɓa cike masa rami, ya ga an haska masa shuɗin haske a baki har abin ya yi tauri, ya san wannan a jikinsa. Hideo Kodama a Nagoya ya bayyana yadda za a gina abu mai tsawo da faɗi da kauri ta wannan hanya a 1981, sannan Chuck Hull a Amurka ya samu rajistar mallakar fasahar a 1986. Matsalar hanyarsu ita ce hasken yana daskarar da duk abin da ya ratsa, tun daga saman ruwan. Dole a yi ginin hawa-hawa: a daskarar da sama, a nutsar da shi kaɗan, a sake daskarar da sabon saman.

Dabarar mutanen Osaka ta samo tushe daga wani lissafi da ya girme su duka. Wata ɗaliba a Jami'ar Gottingen ta Jamus, Maria Goeppert-Mayer, ta nuna a kundin digirinta na dakta, wanda aka buga a 1931, cewa ƙwayar abu tana iya haɗiye ƙwayoyin haske biyu a lokaci guda, ta amfana da su kamar guda ɗaya ce mai ninkin ƙarfi. A ɗauka mai kanti yana sayar da kaya a naira ɗari biyu, ba ya ba da bashi, ba ya karɓar biya kashi-kashi. Mai naira ɗari zai wuce hannu rabbana, na bayansa ma haka. Amma in biyu suka miƙa kuɗinsu a tare, cikin ƙiftawa ɗaya, ciniki ya faɗa. Irin wannan dacewa ba ta faruwa sai inda cunkoso ya yi tsanani, kuma a zamanin Goeppert-Mayer babu fitilar da za ta tara haske haka. Sai da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960, sannan a shekarar da ta biyo baya Wolfgang Kaiser da Charles Garrett suka ga abin da idonsu a ɗakin bincike na Bell. Shekara talatin lissafin yana kwance a takarda yana jiran fitilarsa.

Ga amfanin wannan ga magini. Idan aka yi aiki da leza mai rauni a kowace ƙwaya, irin wadda launinta ya gota ja har ido ba ya ganinta sosai, hasken zai ratsa ruwan danƙon kamar yadda yake ratsa gilashin taga, ba abin da zai daskare. Sai a wuri ɗaya tak, inda gilashin madubin likita ya tattara hasken ya matse shi, kamar yadda yara suke tattara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. A wannan ɗigon ne cunkoso yake kai wa ƙwayoyi biyu su isa tare. Kuma lissafin ba na ɗaya-da-ɗaya ba ne: in ƙarfin haske ya ninka biyu, yiwuwar haɗiyar tana ninka huɗu, in ya ragu zuwa rabi, tana faɗuwa zuwa rubu'i. Saboda haka da an ɗan goce daga tsakiyar ɗigon, aikin ya tsaya. Magini ya samu bakin alƙalami da zai iya shiga tsakiyar ruwa ya yi rubutu ba tare da ya ɓata abin da ke sama ko ƙasa ba. Yana matsar da ɗigon bisa umarnin kwamfuta, duk inda ya bi ya bar tauri. In an gama, a wanke ragowar ruwan da sinadari, abin da aka zana ya tsaya da ƙafarsa.

Don samun cunkoson ba tare da an dafa danƙon ba, lezar ba ta ci gaba da haskawa kamar tocila. Walƙiya take yi, fiye da sau miliyan 70 a daƙiƙa, kowace walƙiya tana ɗaukar kimanin femtosakan 150. Wannan lokaci ne da haske, duk da gudunsa na kilomita dubu 300 a daƙiƙa, ba ya wuce maikuromita 45 a cikinsa, ƙasa da kaurin yawancin gashin mutum. Ƙarfi mai yawa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, sannan dogon hutu.

Adalci ne a faɗi cewa maƙalar 2001 ba ita ta fara wannan ba, kuma marubutanta ba su yi da'awar haka ba. Winfried Denk da James Strickler da Watt Webb sun yi amfani da haɗiyar ƙwayoyi biyu wajen leƙa cikin halittu masu rai a Jami'ar Cornell a 1990. A ɗakin binciken Kawata kansa, Shoji Maruo da Osamu Nakamura tare da shi sun buga ginin farko ta wannan hanya a 1997. Sabon abin da bijimin ya zo da shi ƙanƙantar ɗigon ne.

Tun 1873 Ernst Abbe, masanin madubai na birnin Jena, ya nuna cewa akwai iyakar da ba a iya matse haske ƙasa da ita, kusan rabin tsawon zangonsa. Masu sauraron rediyo sun san zancen gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma zango gare shi, sai dai da nanomita ake auna shi, kashi ɗaya cikin dubu na maikuromita. Zangon lezar Osaka nanomita 780 ne, don haka a bisa ƙa'idar Abbe ɗigon hasken ba zai gaza nanomita ɗari uku da wani abu ba. Amma ɗigon da suka daskarar nanomita 120 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na zangon.

Yadda suka bayyana wannan shi ne wuri na farko da maƙalar ta burge ni, domin ba su yi wa mai karatu rufa-ido ba. Ba su ce sun karya dokar Abbe ba. Hasken yana nan da faɗinsa kamar kullum. Danƙon ne yake da mizani: in hasken bai kai wani ƙarfi ba, ba ya daskarewa ko kaɗan, domin iskar oksijin da ke narke a cikinsa tana kashe aikin tun kafin sarƙoƙin su yi tsawo, kuma ɗan abin da ya harɗe yana tafiya da ruwan wanki. Ɗigon haske kuwa kamar tudu yake, ya fi tsayi a tsakiya. In aka rage ƙarfin lezar har ya zama ƙoƙuwar tudun kaɗai ce ta haura mizanin, to ita kaɗai za ta bar alama. Kamar dutse ne a tsakiyar kogi lokacin ambaliya: gindinsa faffaɗa, amma abin da ya leƙo saman ruwa bai fi tafin hannu ba. Ilimin haske ya ce ga iyaka, sai suka zagaya ta bayan gida ta hanyar ilimin sinadarai. Wannan tunani mai sauƙi shi ne har yau ginshiƙin sana'ar.

To me ya sa bijimi? Ana iya ganin zaɓin a matsayin wasa ko neman suna, amma ni ina ganin hujja ce da aka zaɓa da hankali. Da sun zana layuka madaidaita, da masana kaɗai za su gane darajarsu. Dabba kuwa kowa ya san yadda take. Tana da ciki da yake rataye tsakanin ƙafafu, da ƙaho mai lanƙwasa da tsini, da wuraren da wani sashe ya rufe wani. Hanyar da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda take zane a kan shimfiɗaɗɗen faranti, ba ta iya fitar da irin wannan siffa. Duk wanda ya kalli hoton, masani ko ɗan kasuwa, ya fahimci cewa alƙalamin yana zuwa ko'ina, ta kowace fuska. Gani ya kori ji.

Sai dai Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Bijimi ba ya motsi, ba ya ɗaukar kaya, ba ya gaya mana komai game da halin robar da aka yi shi da ita. Taken maƙalar kuwa yana magana ne a kan ƙananan na'urori masu aiki. A nan sifirin ɗin ya shigo. Sun ƙera wata murɗaɗɗiyar waya ta roba, wadda kaurinta bai kai rabin maikuromita ba, suka kafe baki ɗaya a jikin wani ginshiƙi da ke manne da gilashi, suka bar ɗaya bakin da ɗan ƙwallo. Tambayar ita ce: wannan abu sifirin ne na gaske, ko siffar sifirin ce kawai? In an ja shi zai koma? Da wane ƙarfi?

Ba yatsa ko allura da za ta kama abu irin wannan ba ta murƙushe shi ba. Sai suka koma ga haske. Arthur Ashkin, shi ma na ɗakin binciken Bell, ya nuna a 1986 cewa leza da aka matse sosai tana iya riƙe ɗan ƙaramin ƙwallo mai garai-garai a cikin ruwa, duk inda aka kai ɗigon hasken ƙwallon ya bi shi. Ana iya kiran abin matsefatar haske, kuma shi ya jawo masa lambar Nobel a 2018, yana da shekara 96. Mutanen Osaka suka bar sifirin ɗin a cikin sinadarin itanol, suka cafke ƙwallon da matsefatar, suka ja shi, suka sake, suna kallon komawarsa ta madubi.

Abin da ya faru zai ba wanda ya saba da sifirin mota ko na gado mamaki. Bai yi tsalle ya riƙa kai-komo ba. A hankali ya ja jiki ya koma mazauninsa ya tsaya. A wannan ƙanƙanta nauyin ƙwallon bai kai a yi maganarsa ba, kaurin ruwa ne yake mulki. Itanol da muke gani tsararo, a wurin ƙwallon tamkar zuma yake. Wani zai ɗauki wannan a matsayin kasawa. Su kuwa suka mai da shi ma'auni. Tun 1851 George Stokes ya ba da lissafin turjiyar da ruwa yake yi wa ƙwallo mai tafiya a cikinsa. In an san girman ƙwallon, an san kaurin ruwan, an kuma ga saurin komawar, to ƙarfin sifirin ya fito. Haske ya gina abin, haske ya ja shi, haske ya nuna komawarsa, aka samu adadi. A ganina wannan ne ya raba maƙalar da baje kolin abin mamaki. Maƙeri na ƙwarai ba ya miƙa wa manomi garma sai ya ƙwanƙwasa ta ya ji amonta.

Duk da haka, akwai wuraren da mai karatu na yau ya kamata ya yi taka-tsantsan, kuma faɗinsu ba ya rage wa aikin daraja.

Na farko shi ne ma'anar nanomita 120. Ƙanƙantar ɗigo ɗaya daban, kusancin da layuka biyu za su iya yi ba tare da sun narke cikin juna ba daban. Gefen hasken da bai kai mizani ba yana barin ɗan tasiri a cikin danƙon, kuma in aka dawo aka ja layi na biyu a kusa, tasirin biyu ya taru ya haura mizanin, tsakanin ya cike. Daga baya masanan fannin, musamman ƙungiyar Martin Wegener a Karlsruhe, sun nace a kan bambance waɗannan biyun. Misali mai kyau shi ne aikin ƙungiyar Min Gu a Ostireliya a 2013: sun ja layi mai kaurin nanomita 9, amma tazarar da suka iya bari tsakanin layuka biyu nanomita 52 ce. Maƙalar Osaka, saboda gajartarta, ba ta zauna a kan wannan bambanci ba. Haka nan ɗigon ba ƙwallo ba ne. Ya fi kama da ƙwayar shinkafa a tsaye, tsawonsa ta hanyar da hasken ya bi ya ninka faɗinsa.

Na biyu ya shafi hoton kansa. Madubin haske ba zai nuna ƙahon bijimin da kyau ba, saboda iyakar Abbe ɗin nan dai. Madubin ilektiron ne ya ɗauki hoton, shi kuwa sai abu ya bushe, an fitar da iska, yawanci ma an shafa masa siririn ƙarfe. Roba tana tsukewa yayin daskarewa, tana ƙara tsukewa yayin bushewa. Abin da muke gani a hoto ba lallai ya zama daidai da abin da kwamfuta ta zana ba. Shi ma sifirin, a jiƙe aka auna shi, kuma robar da ta sha sinadari ta fi busasshiya laushi. Adadin da suka samu gaskiya ne ga wannan sifirin a cikin wannan ruwan. Wannan matsala ce da har yanzu ake fama da ita, kuma ita ce ta sa awo da haske ya zama rabin sana'ar. Lokacin da ƙungiyar Karlsruhe ta gina ƙananan sanduna jere bisa jere, kamar an tara itace, a 2004, hujjar ingancinsu ita ce wane zangon haske ginin ya bari ya wuce, wanne ya mayar. Hoto saman abu yake nunawa, hasken da ya ratsa kuwa yana tona asirin cikinsa.

Na uku shi ne lokaci. Gini ɗigo-ɗigo kamar ɗinkin hula ne da allura, kyau kam akwai, amma sai haƙuri. Bijimin ya ci kimanin awa 3. Su kansu sun gane wannan, domin a 2002 sun fito da wata dabara: a zana fatar bijimin kaɗai, a wanke waje, sannan a haska fitila ta daskarar da ruwan da ya rage a ciki. Lokacin ya sauko zuwa minti 13. A 2012 masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Biyana a Ostiriya sun ƙera motar tsere mai tsawon maikuromita 285 cikin minti 4. An samu ci gaba sosai, amma har yau hanyar ta fi dacewa da abu ɗaya mai tsada fiye da dubban abubuwa masu arha.

Na huɗu shi ne burin da aka ɗora wa aikin. Kwatanta bijimin da jar ƙwayar jini ya zo da fatan cewa wata rana ƙananan injina za su bi jijiyoyi su kai magani inda ake so. Wannan fata bai zama abin yau da kullum a asibiti ba. Amfanin ya ɓullo ta wata ƙofa. A 2007 aka kafa kamfanin Nanoscribe daga binciken Karlsruhe, ya mai da tarin madubai da lezar ɗakin bincike na'urar da jami'a za ta iya saye ta ajiye. A 2016 ƙungiyar Harald Giessen a Stuttgart ta gina gilasan kyamara hawa uku, faɗinsu kimanin maikuromita 100, a kan bakin zaren gilashi, abin da zai iya bi ta cikin allurar likita. Wasu suna gina 'yan ƙananan rumfuna da ƙwayoyin halitta suke kamawa su yaɗu, don a ga yadda suke ja da turawa. Duk wanda ya duba waɗannan rumfuna masu lanƙwasa ƙarƙashin jan ƙwayar halitta, ana auna lanƙwasar don a san ƙarfin, zai ga jikokin sifirin Osaka ne.

Ta fuskar rubutu, maƙalar abar koyi ce ga ɗalibanmu na kimiyya. Da'awa ɗaya, dalili ɗaya, hujja biyu: ɗaya ta ido, ɗaya ta lissafi. Ba dogon share fage, ba cika baki. Gajartar tana da farashinta, domin wanda yake son maimaita aikin sai ya nemi sauran rubuce-rubucen ƙungiyar kafin ya samu cikakken bayani. Amma marubutan sun san abin da shafi biyu za su iya ɗauka, ba su kuma ɗora musu fiye da haka ba.

Shawarata ga malamin da zai kai wannan aiki aji ita ce ya fara da bijimin, domin shi zai sa ɗalibai su gyara zama. In sun gama mamaki, sai ya juya su ga ɗaya hoton, ya tambaye su yadda za su san ƙarfin sifirin da ba za su iya taɓawa ba. Ɗalibin da ya tsaya a kan ƙahon ya samu labarin da zai ba abokansa. Wanda ya bi ƙwallon nan yana jan jiki a cikin itanol, ya kuma gane dalilin da ya sa jinkirinsa ya zama amsa, shi ne ya karanta maƙalar.